Tsatsa A Bambar Tsohuwar Mota: Maganinta Ba Sai Da Kuɗi Mai Yawa Ba

Duk wanda ya taɓa kawo tsohuwar mota daga Arewa ya zauna da ita a Ikko, ko Fatakwal, ko Warri, ya san abin da damina biyu ke yi mata. Motar da ta yi shekara da shekaru a Kano ko Sakkwato bambarta tana ƙyalli kamar madubi, sai a wayi gari a ga ɗigo-ɗigon ja sun feso mata kamar ƙurajen zufa. Tun mai ita yana gogewa da tsumma suna komawa, har su kai ga sun ƙi fita, daga nan sai su bazu zuwa zoben fitila, da hannun ƙofa, da murfin wili.

Abin bai tsaya ga muni kaɗai ba. Ran da aka tashi sayar da motar, wurin da dillali zai fara kai yatsa ke nan domin ya karya mata daraja, ko da kuwa injinta lafiya lau yake. In kuma mai mota ya ce zai sake bamba, to ya haɗu da aiki, domin an daɗe da daina ƙera irin waɗannan motoci, kayansu sai an tona a Ladipo da ke Mushin, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, kuma mai sayarwa ya san ba ko'ina ake samu ba. Alhali kuwa galibin irin wannan tsatsa ana iya kawar da ita a ƙofar gida, da kayan da ba su fi ƙarfin aljihun talaka ba, muddin an san yadda ake yi, an kuma san abin da ba a yi.

Zamanin ƙyalli

Farin ƙarfen nan mai sheƙi da ake gani a jikin tsofaffin motoci sunansa kurom. Wani masani ɗan ƙasar Faransa, Louis Vauquelin, shi ya gano shi a 1797, amma sai a shekarun 1920 aka iya shafa shi a kan wani ƙarfe da wutar lantarki ta hanyar da za ta yi araha, daga nan masu ƙera motoci suka rungume shi.

A Nijeriya zamanin kurom ya zo daidai da zamanin kuɗin mai. A 1975, shekarar da ma'aikata suka karɓi kuɗin Udoji, kamfanin Volkswagen ya fara haɗa motoci a Ikko, kamfanin Peugeot kuma ya fara a Kaduna. Titi ya cika da Volkswagen ɗin nan mai doron baya wadda Yarbawa ke kira Ijapa, watau kunkuru, da Peugeot 404 da 504, ga kuma Datsun da Toyota na ƙasar Japan, da Marsandin attajirai. Ko wacce da bambar ƙarfe gaba da baya. Daga shekarun 1980 sai masu ƙera motoci suka riƙa komawa ga bambar roba, har ƙarfen ya ɓace. Ita kanta Ijapa an ƙera ta ƙarshe a ƙasar Meziko a 2003. Waɗanda suka rage a hannun jama'a, wasu gadon iyaye ne, wasu kuwa har yanzu su ke ciyar da gida.

Daga ina tsatsar ke fitowa

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne kurom kansa ba ya yin jar tsatsa. Bamba baƙin ƙarfe ce aka yi wa riga. Da farko a kan shafa mata wani ƙarfe mai suna nikel, wani lokaci ma a fara da jan ƙarfe a ƙarƙashinsa, sa'an nan a rufe da kurom a sama. Wannan rigar ta sama siririya ce ƙwarai, ba ta kai kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita ba. Silin gashin kan mutum ya fi ta kauri fiye da sau 100.

To riga mai irin wannan siranta ba ta rasa ƙananan ƙofofi da tsage-tsage waɗanda ido ba ya gani, ga kuma tsakuwar hanya tana ƙara huda ta kullum. Ta nan ruwa da iska ke ratsawa su iske baƙin ƙarfen da ke ciki. Shi ne ke tsatsa, tsatsar ta tsattsafo ta ƙofar, ta malale a kan kurom. Saboda haka ƙofa ɗaya wadda ba ta kai bakin allura ba tana iya ɓata wuri mai faɗin kwabo. Wannan albishir ne ga mai mota, domin yawancin jan da yake gani zaune yake kawai a bisa kurom mai lafiya, in aka ɗauke shi ƙyalli zai dawo.

Amma in aka yi sakaci abin ya kan wuce haka. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci cika wuri nesa ba kusa ba, sai ta riƙa kumbura a ƙarƙashin rigar tana ɗaga ta, har wurin ya yi bororo, daga bisani ya ɓare. Wurin da ya ɓare kuwa babu gugar da za ta mai da shi.

Dalilin da ya sa abin ya fi tsanani a bakin teku a fili yake. Ruwan saman da ake yi a Ikko a shekara ya kusa ninka na Kano, iska kuma ɗauke take da laima kusan ko wane wata, ga gishirin da take kwasowa daga teku. Gishiri yana jawo laima ya riƙe, yana kuma hanzarta cin ƙarfe. Motocin da aka shigo da su na hannu daga ƙasashen sanyi su ma da ciwonsu suke zuwa, domin a can ana watsa gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara.

A fara sanin irin ƙarfen

Ba duk abin da ke ƙyalli a jikin mota ne kurom a kan baƙin ƙarfe ba, kuma ko wanne da yadda ake bi da shi. Mayen ƙarfe, ko da na tsohuwar lasifika ne, zai taimaka wajen rarrabewa.

In mayen ya kama, kuma ana ganin jar tsatsa, to baƙin ƙarfe ne mai rigar kurom, irin bambar Volkswagen da Datsun da Marsandi. Wannan shi ne wanda ake magana a kansa. In bai kama ba, abin kuma yana da nauyi, kamar hannun ƙofa da tambarin mota, galibi tutiya ce aka zuba aka shafa mata kurom. Ita ba ta jar tsatsa, sai dai ta yi ƙuraje masu farin gari, kuma ba ta son tsami. In bai kama ba, kuma ba nauyi, to ko dai alminiyon ne ko kuwa roba ce aka yi wa ado, kamar ragar gaban motocin zamani. Wannan ruwa da sabulu da tsumma mai laushi kaɗai yake bukata, domin da an dirje shi zai yi zane.

Masu Peugeot 404 da 504 sun yi sa'a, domin bambar da kamfanin ya sa musu ƙarfen nan ne da ba ya tsatsa, irin na kwanon silba, ba shafe ba ne. Shi ya sa a kan ga 504 jikinta ya ruɓe amma bambarta tana nan fes. In ta yi dusu-dusu wanki da ɗan guga sun ishe ta.

Kayan aiki

Abin da ake bukata bai wuce bokitin ruwa ba, da sabulu, da tsummoki masu laushi uku ko huɗu, da tsohon buroshin haƙori, da takardar alminiyon ɗin nan da masu gasa kifi ke naɗe kifi da ita. Sai abu mai ɗan tsami: ruwan khal, wanda 'yan kanti ke kira binega, ko lemon tsami, ko jiƙaƙƙiyar tsamiya da aka tace. Sai ɗan ruwan kanwa, shi ma tatacce, ko hodar soda ta masu yin kek. Daga ƙarshe sai kakin goge mota. A cikinsu duka kakin ne kaɗai mai ɗan tsada, gwangwani ɗaya kuma yana daɗewa. Safar hannu ta roba tana da amfani, domin gefen kurom da ya ɓare yana yanka kamar reza.

Yadda ake aikin

A ajiye mota a inuwa, a bari ƙarfen ya huce. In da zafi ruwa zai riƙa bushewa tun ba a gama ba, ya bar tabo.

Wanki shi ne farko, kuma shi ne wanda aka fi rainawa. A kwarara ruwa sosai ƙura da yashi su sauka tun kafin tsumma ya taɓa wurin, sa'an nan a wanke da sabulu a ɗauraye. Ƙwayar yashi ɗaya in ta maƙale a cikin tsumma za ta ja zane daga wannan gefe zuwa wancan. In akwai kwalta ko maiƙo a jiki, ɗan kananzir a tsumma zai cire shi, kana a sake wankewa. Sau da yawa bayan wanki a kan ga rabin abin da ake zaton tsatsa ce ashe jar ƙasa ce ta daskare.

Daga nan sai a yagi takardar alminiyon kamar faɗin tafin hannu, a dunƙule ta sako-sako, a tsoma a ruwa, a fara gogawa a hankali. Ya kamata a fara gwadawa a wani lungu da ba a gani, kamar ƙasan bamba, a duba ko ta bar zane. Hikimar abin ita ce alminiyon ya fi kurom laushi, saboda haka shi ne ke cinyewa, kurom yana nan, amma ya fi ƙarfin tsatsar da ke zaune a sama. Ana cikin gogawa za a ga wani ruwa mai launin toka yana fitowa, wannan ba ɓarna ba ce, garin alminiyon ne da tsatsa suka haɗu, shi ne ma ke ƙara wa wurin sheƙi. A riƙa tsoma takardar a ruwa a kai a kai, kada a goga a bushe, in ta yage ko ta yi dauɗa a ɗauki sabuwa. A bi wurin kaɗan-kaɗan, ana sharewa da tsumma ana dubawa. Ba aikin ƙarfi ba ne, yatsu biyu sun isa.

Inda tsatsa ta yi taurin kai sai a kawo tsami. A jiƙa tsumma da ruwan khal ko ruwan lemon tsami, a lulluɓe wurin da shi kamar minti 10 zuwa 15, a cire, a sake bi da takardar alminiyon. Ruwan khal na kanti tsaminsa kamar kashi 5 ne cikin 100, ya isa ya sassauta tsatsa ba tare da ya ci kurom ba a ɗan wannan lokaci. In bai fita ba a maimaita sau biyu ko uku, ya fi a bar tsamin ya kwana a kai. A kula kada ya ɗiga a kan fenti, in ya ɗiga a wanke nan take. Lunguna da bakin noti kuwa buroshin haƙori ne zai shiga.

Wasu direbobi sun fi yarda da baƙin lemon kwalba. Maganarsu tana da tushe, domin akwai ɗan asid mai suna fosforik a cikinsa wanda ke cin tsatsa. Sai dai kaɗan ne ƙwarai, ga sukari da ke barin danƙo ya tara kiyashi, kuma lemon tsami ya fi shi araha da saurin aiki.

Ƙananan sassa da za a iya kwancewa, kamar zoben fitila da murfin wili da kan noti, ana iya zuba su a roba a jiƙa da ruwan khal na awa biyu ko uku, ana leƙawa. Kayan tutiya da na alminiyon ba a jiƙa su.

Bayan an gama tilas ne a kashe tsamin, in ba haka ba wanda ya maƙale a cikin ƙofofin zai ci gaba da cin ƙarfe, kwana kaɗan tsatsa ta dawo fiye da da. Kamar yadda mata ke kashe tsamin yakuwa da kanwa, haka nan ma: a shafe wurin da tataccen ruwan kanwa, ko cokali ɗaya na hodar soda a cikin lita ɗaya ta ruwa, sa'an nan a ɗauraye da ruwa mai yawa. A tsane da busasshen tsumma, a fitar da motar rana ta bushe sarai.

Mataki na ƙarshe shi ne kaki, kuma wanda ya tsallake shi ya yi aikin banza. Ƙofofin da tsatsa ta fito ta cikinsu suna nan a buɗe, guga ba ta toshe su ba. A shafa kakin siriri, a bari ya yi fari, a goge da tsumma mai laushi, a sake yin shafi na biyu. Wanda bai sami kaki ba ya shafa man basilin kaɗan, sai dai shi yana kama ƙura, kuma ba ya daɗewa.

Abubuwan da ke kashe kurom

Bambar da gyara ya lalata ba ta da iyaka, garin neman gira a rasa ido. Babban mai laifi shi ne sanfefa. Shafa biyu ta isa ta cinye rigar kurom, sai a ga wurin ya koma ɗan rawaya-rawaya, watau an kai ga nikel, in aka ƙara kuma a kai ga baƙin ƙarfe. Haka soson ƙarfe na wanke tukunya, da toka, da yashi, da garin bulo. Akwai wani soson ƙarfe mai laushi kamar auduga, mai lamba 0000, wanda masu fentin kujeru ke aiki da shi. Shi ana iya amfani da shi da ruwan sabulu a inda takardar alminiyon ta gaza, amma da sauƙin hannu, kuma a wanke burbushinsa sarai, domin shi ma yana tsatsa.

Na biyu shi ne asid mai ƙarfi. Wasu masu wankin mota su kan zuba ruwan wanke masai a kan bamba, nan da nan tsatsa ta ɓace, mai mota ya biya yana murna. Da yawa daga cikin irin wannan ruwa suna ɗauke da asid ɗin haidirokulorik, wanda masu sana'ar shafe ke amfani da shi in suna son narkar da tsohon kurom. Bayan 'yan makonni sai bamba ta dushe, tsatsa ta rufe ta gaba ɗaya. Ruwan batir kuwa ya fi wannan haɗari, yana ƙona fata, yana huda tufafi, in ya fantsama a ido yana iya makantarwa.

Na uku shi ne bilic na wankin fararen kaya. Ba ya cire tsatsa, ƙara ta yake yi, har ƙarfen bambar Peugeot yana iya yi wa ramuka. Kuma kada a kuskura a haɗa shi da ruwan khal ko lemon tsami, domin haɗin yana tayar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi.

Bayan bamba

Mai mota ya kan ƙare ƙoƙarinsa a fuskar da ake gani, alhali ɓarna mafi girma tana ciki. Bayan bamba ba ya samun shafe mai kauri, kuma nan ne taɓo ke taruwa ya kwana da laima. Tsatsa tana iya cinye ƙarfen daga baya har ta ɓullo gaba, ta kuma cinye ƙafafun da suka riƙe bambar a jikin mota. Bambar da ƙafarta ta ruɓe ba za ta kare kome ba ran da aka yi karo, tana ma iya faɗuwa a tsakiyar titi.

Saboda haka ko da sau ɗaya ne ya kamata a kwance ta. In notuna sun cije a ɗiga musu kananzir ko mai su kwana. A kifa bambar a kan tsohon bargo don kada fuskar ta karce, a kankare bayan da buroshin waya. A nan sanfefa ba ta da laifi. In hali ya yi a sayi maganin tsatsa na masu fenti, wanda ke mai da ita baƙa ta daskare, sa'an nan a shafa jan fentin nan da masu walda ke fara shafa wa ƙofofin ƙarfe, a bi da fentin mai. Bayan ya bushe a shafa giris a wurin notuna kafin a ɗaura. Ƙafar da ta ci sosai a kai wa mai walda ya sake ta.

Inda dabara ta ƙare

In wurin ya riga ya yi bororo ko ya ɓare, sai dai a tsai da ɓarnar. Ƙananan ramuka a kan tsabtace su, a busar, a ɗiga musu fenti mai launin azurfa da tsinken ashana, ko man farce marar launi. Daga nesa ba mai lura. In ɓarewar ta yi yawa, gara a kai wa mai fenti ya kankare duka ya fesa baƙi ko ruwan azurfa. Fentin gwangwani da ake sayarwa da sunan kurom fenti ne kawai, ƙyallinsa ba ya jure rana da wanki.

Wanda zai sayi ta hannu a kasuwa ya juya ta ya dubi bayanta kafin ya dubi gabanta, ya bi fuskar da farce ya ji ko akwai ƙuraje, ya kuma tabbata ba fenti aka fesa mata ba.

Sake shafa kurom na gaskiya aikin masana'anta ne, sau da yawa kuɗinsa ya kan fi na bambar hannu. Ba abin gwadawa a gida ba ne ko kaɗan. Ruwan da ake shafen da shi guba ne, tururinsa yana cin cikin hanci, yana kuma jawo ciwon daji na huhu, in aka zubar da shi a ƙasa yana ɓata ruwan rijiya.

Kiyayewa

Bayan an sha wannan wahala, abin da ya rage mai sauƙi ne. Da damina a ɗauraye bamba da ruwa mai daɗi ko da sau ɗaya a mako, a tsane ta, musamman in an ratsa ambaliya ko an je bakin teku. Mazauna kusa da ruwan gishiri su ɗanɗana ruwan rijiyarsu, in da zartsi kada a wanke mota da shi. A sabunta kaki duk wata ɗaya ko biyu. Kada a rufe jiƙaƙƙiyar mota da tamfol, domin laima za ta kwana a ciki, kada kuma a riƙa ajiye ta a kan ciyawa. Da hunturu kuwa ƙura ce abin tsoro, a zuba ruwa kafin a sa tsumma.

Wannan dabara duka tana aiki a kan babur da keke, tun daga kan Raleigh har salansar Honda, sai dai abu biyu. Shuɗin da salansa ke yi kusa da inji zafi ne ya kawo shi, ba tsatsa ba ce. Gefen wilin keke kuma, inda birki ke kamawa, ba a shafa masa kaki ko mai, domin birki zai riƙa zamewa.

Mai motar da ya ga ɗigon ja na farko ya tashi masa a ranar, aikin minti biyar ne da 'yar takardar alminiyon. Wanda ya ce sai bayan damina, ya shirya zuwa Ladipo.